Daddawa a Cikin Mukayyif

Ranar wata Juma'a a tsakiyar Zulƙida, ina aji huɗu, na dawo daga sayen burodi na tarar da katifunmu a kan matakalar bene, Alhaji Bature mai gidan da muke haya yana tsaye da makullai a hannu. A Aziziyya, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, kowa ya san al'adar: aikin Hajji na matsowa, 'yan haya su kwashe kaya su hau rufin bene, a zuba alhazai a ɗakunansu. Da zafi ba ma damuwa. Mu yara har murna muke, mu yi 'yar gala-gala tsakanin tankunan ruwa, mu taya Inna shanya kuɓewa, mu leƙa motocin alhazai daga sama. To amma shekarar nan Hajji ya faɗo cikin hunturu, ga kakarmu Hajiya Dije tana fama da ciwon ƙirji.

Tun shigarmu gidan Alhaji Bature ya yi wa Baba alkawarin ba za a taɓa ɗakin tsohuwa ba. Baba bai nemi a rubuta ba, wai ai ɗan'uwa ne Bahaushe, kunya ba za ta bar shi ba. Fatiha kawai suka shafa. Ranar da Baba ya tuna masa, sai mutumin nan ya ce, "Malam Sani, alƙali takarda yake karantawa, ba ya karanta Fatiha." Tir! Baba ya sunkuyar da kai, ya goya uwarsa ya hau da ita hawa huɗu.

Ni kuwa ban haƙura ba. Kafin a kulle, na ɗebo daddawar Inna da busasshen kifi na cusa su can cikin mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin. Alhazan ba su yi kwana uku ba suka tattara, suna toshe hanci suna tsine masa. Wallahi na ji daɗi, har yau kuma ina ji. Sai dai bai mayar da mu ba. Ruwan sama ya same mu ƙarƙashin tamfol, tarin Hajiya ya tsananta, ba ta ga watan Muharram ba.

Yanzu haya sai da yarjejeniya mai rajista, mai gida ba ya watso kayan mutum waje don ya ga dama, sai hukuma ta duba. Nakan ce ina ma dokar ta riski Hajiya. Bara 'ya'yan Alhaji Bature suka zo nema masa gafara yana kwance rai a hannun Allah. Inna ta ce ta yafe duniya da lahira. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma gara da ba su tambaya ba.