Takardun Siminti na Kawu

Jiya maƙwabcinmu a Mabera ya sauke siminti, warin ya shigo min har ɗaki. Kawu na tuna.

Yayan mahaifiyata ne, lebura a kamfanin siminti na Kalambaina. Ajinsa huɗu a firamare, amma wallahi ban ga wanda ya kai shi tsara magana ba. A lokacin buhun siminti na takarda ne. Yakan kwaso yagaggu zuwa gidanmu na Ƙofar Kware, ya kakkaɓe, ya yanka, ya danne da turmi.

Duk ranar da aka ba mu insha'i a sakandare, ba ya bari in taɓa littafin makaranta. Sai ya zaunar da ni gindin dogonyaro bayan la'asar, zafin bazara na dukan mu, ya miƙo jar takardar.

"Mi kaka son hwaɗi? Hwaɗa min da baki tukuna."

In na kasa, ya ce ban shirya ba. In na iya, in rubuta batun a sama, hujja uku a ƙasa, kowace da inda na samo ta. Daga nan in zuba rubutu yadda ya zo, in soke, in gyara. Sai washegari ake kwafewa a farar takarda. Haushi nake ji ƙwarai, don 'yan ajinmu har ɗan siminti suke ce min.

Ashe shi ma yana nasa. Shekaru yana bin tsofaffi yana tattara asalin gidanmu, ya tsara shi babi-babi. Da idonsa ya raunana ina jami'a, ya nuna min ƙunshin takardun simintin da ya rubuta shi a kai.

"Ɗana, aikin ga ya ƙare, saura kwafewa. Hannunka nika jira."

Na ce sai an yi hutu. Hutu ya zo, na ce sai na gaba. Kai, ƙuruciya!

Da damina ya rasu. Bayan sadakar bakwai na nemi ƙunshin, ashe itace ya jiƙe, matan gida sun hura wutar abincin baƙi da shi. Ban ga laifinsu ba, takardar siminti suka gani.

Yau ni ke koya wa ɗalibai tsara maƙala, su kuwa a waya suke yi, ba mai soke komai. Yarana sun fara tambayata daga ina kakanninmu suka taso. Na san wannan ne babi na farko, don na gani da idona a saman shafin. Ban karanta abin da ke ƙasa ba.