Ranar da Na Yi wa Baba Tafinta a Bakin Ruwa

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, safiyar nan ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina aikin bincike da masu kama kaguwa a jihar Maryland ta Amurka. Kifin da suke sawa a tarko ya yi tsada, muna gwada abin da zai maye gurbinsa da araha: wuyan kaza, kan kifi, har da wani curi da aka haɗa a ɗakin gwaji. Ana cikin haka Baba ya zo jinya gidana a Fort Washington. Masunci ne daga Yawuri, a kan ruwa ya tsufa, sai ga shi yana wuni a falo yana kallon bango. Da ya ji aikina, mutumin nan ya farfaɗo. Kwana uku yana jiƙa dusa da ganda a bayan gida, matata tana toshe hanci yana mata dariya.

Na tafi da shi bakin ruwa, yana rungume da bokitin haɗin nasa. Ya tsaya gaban shugabar aikinmu da tsohon mai jirgin ruwan da muke aiki da shi, ya ce mini, “Faɗa musu a bar shi ya yi tsami. Abin ruwa wari yake bi, kuma a sa tarkon ta inda ruwa zai kai masa warin.” Ya daɗe yana bayani, hannunsa yana kwatanta tafiyar ruwa.

Ni kuwa, da digirina da komai, kunya ta kama ni. Kunyar warin, kunyar silifas ɗinsa. Na juya na ce musu da Turanci yana godiya da suka bar shi ya zo. Suka yi murmushi, suka ci gaba da loda tarkuna.

Ashe kalmar godiyar nan Baba ya san ta, kullum yana faɗa wa ma'aikatan asibiti. Ya dube ni, ya ce a hankali, “Ni ban yi godiya ba.” Ya rufe bokitin, ya koma mota ya zauna.

Bai ƙara yi mini maganar ruwa ba. Na yi ta cewa zan gwada haɗin nasa in kai masa labari, ban yi ba har ya koma gida. Kafin shekara ta zagayo ya rasu. Yadda ake haɗin ma ban tambaye shi ba.

Abin yana ci mini rai har yau. Na koyi cewa idan babba ya ba ka magana ka isar, ka isar da ita yadda take, ko za a yi dariya. Ni na hana mahaifina a ji shi, kuma babu sauran wanda zan ba haƙuri.