Jinin da Maiwada Bai Binne Ba

Ranar da aka yi wa ɗiyata ta fari askin suna, ina cikin ɗaki na juya wa ƙofa baya. Kunyar ɗan fari ba ta barin uwa ta leƙa, ko da kukan yana tsinka mata hanji. Tsofaffi suna tsakar gida da jaririya, wanzami yana aikinsa. Da ya cire mata beli sai kukan ya ɗauke ɗif. Ga shi ba wanda zan tambaya. Can na ji wanzamin ya ɗaga murya kamar da kaji yake: "To, kowa ya ji, baƙuwa lafiya lau, har ta kama tsotson hannu. In da mai saurare a bayan bango, ya saki ransa." Tsofaffi suka yi ta dariya. Shi ne Maiwada Wanzami na unguwarmu a Kademi, Allah ya ji ƙansa.

Gajere ne, mai saurin tafiya, zabirarsa kullum a kafaɗa. Gidansa da namu zana ɗaya ce ta raba. Aski ya gada, amma ƙaho ne ya yi masa suna, kuma ba don iya tsaga kaɗai ba. In ya gama wa mutum ƙaho ba ya barin kowa ya taɓa jinin. Shi zai haƙa rami da kansa, ya juye, ya mayar da ƙasa, ya taka a gaban mai jinin, ya ce, "Ga amanarka ta koma ƙasa." A wajenmu jinin mutum ba abin bari a sarari ba ne, don ba a san hannun da zai faɗa ba.

Sai ciwon barci ya shigo, a zamanin Turawa. Wani likita Bature ya sauka a Gaya da madubinsa na duba jini, malaman asibiti suna bin ƙauyuka suna lalube wuyan mutane. Wanda aka ji wa kaluluwa a zuƙi jininsa da allura, a zuba a ƴar kwalba, mai keke ya kai Gaya. Babbansu a wajenmu wani saurayi ne mai sanyin murya, Malam Bunu. Da aka ji labari, gari ya watse cikin gonaki.

Dagaci ya kira Maiwada ya ce ya shawo kan mutane. Maiwada ya tambayi Malam Bunu abu ɗaya: in an gama duba jinin, ina ake kai shi? Ya ce zubarwa ake yi. Maiwada ya ce a'a, a dawo masa da shi ya binne. Malam Bunu ya yarda. Ranar Juma'a Maiwada ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗauki alkawari cewa duk ɗigon da ya fita a jikin mutumin Kademi, shi zai sa shi a ƙasa da hannunsa. Wanda ya fara miƙa hannu maigidana ne, Malam, wanda a lokacin ko cikin karatu sai ka ga kansa ya langaɓe.

Aikin bai yi daɗi ba. A fili ake cire toshiyar kwalba, a ajiye ta a kan tabarma, ga ƙuda, ga hannuwa. Kafin a isa Gaya jinin ya juya ya fara wari. Sai a dawo da kwalaben, Maiwada ya binne a gaban masu su, a sake kiransu a sake hudawa. Hure maƙwabciyata hannunta ya koma kamar rariya.

Ta tare shi a bakin rijiya ta ce, "Kai Maiwada, hannun nan nawa ne ko na aro? Ka tambayi Baturenku, in miya yake yi da shi ya faɗa, in ƙara masa da kuka."

Ya ce, "Haba Hure, jininki ko ƙuda ya lasa sai ya nemi ruwa. Yajinsa ne yake fasa musu kwalba."

Ya yi dariya, amma abin ya dame shi. Ba ya son a tsaga mutum sau biyu a kan abu ɗaya. Matarsa Baiwa ta zo ta ari tukunyata mai murfi, daga nan na fara ganin abin da yake yi ta ɓular zana. Ya ce wa Malam Bunu shi in ya kafa ƙaho ba ya buɗe shi sai an gama, kuma laifin kwalbar nan buɗe bakinta ne. Ya samo tantani a wajen mahauta ya ɗaure a bakin kwalba, suka dafa, tantanin ya yage. Suka koma ga fatar ɗan akuya da aka kankare ta yi shara-shara. Sai ya ɗaure bakin kowace kwalba da ita tam, a tafasa su cikin tukunya a rufe, a tsamo da hantsaki ba a sa hannu ba. In an zuƙo jini, allura ta huda fatar ta zuba, ya liƙe ɓular da kakin zuma mai zafi, yadda yake toshe tsinin ƙaho. Malam Bunu ya ce har hantsakin a dinga tafasawa. Baiwa kuma ta saƙa kwando mai gurbi-gurbi, ana lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Jini ya daina lalacewa. Huda ɗaya ta isa. An gano ciwon a jikin mutane da dama, aka yi musu allurai, waɗansu suka tashi. Wannan gaskiya ce, zan faɗe ta ko a gaban wa.

Sai kwalabe suka daina dawowa. Ashe da ma ruɓaɓɓen ne ake mayarwa, don ba shi da amfani. Da jinin ya zauna lafiya, Bature ya jera kwalaben a akwati aka sa a mota zuwa Kano, aka ce daga can ma gaba za su yi. Maiwada ya taka har Gaya. Masinja ya hana shi shiga wajen Bature. Malam Bunu ya fito kansa a ƙasa ya ce, "Baba, wallahi ban san haka za ta kasance ba. Ya ce jinin da bai lalace ba ba a zubar da shi."

Maiwada ya ce, "Ni kuma in ce wa mutane me, ɗana?"

Kafin ruwa ya sauka Bature da malamansa sun naɗe kayansu. Dagaci ya sami yabo da sabuwar riga.

Ba wanda ya kori Maiwada. Kiransa kawai aka daina. Duk wanda ya mutu a shekarar, sai a ce ai jininsa yana cikin kwalba. Maigidana Malam ya rasu da kaka. Ciwon ya riga ya ci jikinsa tun kafin baƙin su zo, ni da nake jinyarsa na sani. Amma a zaman makoki ina ji mata suna cewa wanzami ya toshe ransa da kakin zuma. Hure, wadda allurar ta tashe ta daga tabarma, ita ta fi kowa murya. Na ce mata ta ji tsoron Allah, ta ce baƙin ciki ne ya taɓa ni.

In an yi haihuwa, daga wani gari ake ɗauko wanzami, ya wuce ta ƙofar gidan Maiwada da ƙafar ragon suna. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa ƙahoninsa a gindin ɗorawa har la'asar, ba mai durƙusawa, sai masu wucewa: "Maiwada, yau wa za a toshe?" A bayan gidansa ya haƙa ramuka yana jiran kwalabe. Damina ta cike su, ya sake haƙawa, har ƙarfinsa ya ƙare.

Shekarar da idonsa ya tafi, Baiwa ta jawo shi da sanda zuwa zaurenmu. Na tsaya a bayan ƙofa muka gaisa. Ya ce yana bin gidajen waɗanda aka tafi da jininsu ne, waɗansu sun saurare shi, waɗansu sun ce ba sa nan.

Ya ce, "Matar Malam, shi ya fara miƙa hannu a kan maganata, ya tafi bai ga na binne ba. Ba ni da wanda zan roƙa sai ke. In kin idar da salla, ki ce kin yafe mini jinin Malam. Ba sai kin aiko mini ba. Wanda nake tsoro yana ji."