A iƙamata ni makiyayi ne

Aikin farko yau: gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wato mukayyif, a unguwar Kudai.

Daga nan na biya wurin Kawu Sale mai bin mana takardu, don na ji ana ba gwanayen sana'a iƙamar dindindin, wato izinin zaman baƙo a ƙasar nan, ba ruwanka da kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya maka. Kafilina ya tsufa, 'ya'yansa sun ce ba za su sabunta min iƙamar ba.

Kawu ya juya iƙamata. “Wace sana'a za ka nuna musu, ɗana?”

“Gyaran mukayyif mana, Kawu. Tun ina saurayi nake yi.”

“A nan makiyayi aka rubuta, bizar da ka shigo da ita ke nan. Tumakinka nawa?”

Na ce ko kaza ban taɓa kiwo ba.

“To a wurinsu makiyayi ne kai, wanda ya watsar da dabbobin mutane.” Sai ya nuna mukayyif ɗin da ke bango. “Tunda ka zo, duba min wannan, ya daina sanyi.”

Na gyara masa. Ko ni ne ban iya tambaya ba? Wanda ya taɓa canza sana'a a iƙama, ta ina ya bi?

Gobe in sha Allah:
- sayo gas a Hindawiyya
- ɗaure famfon banɗaki
- faɗa wa matata ba a dace ba, ita da ta riga ta yi wa dangi albishir