Shekarar da Muka Yi Alƙalancin Littattafan Holan

A bazarar shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, kayana suka maƙale a Guangzhou. Na sayi wanduna da rigunan yara a kasuwar Canaan, an ɗaure, an kai sito, amma wuri a jirgi ya ƙi samuwa. Duk wanda ka tambaya sai ya ce saboda wasannin ne: an tsaurara bincike a tashar ruwa, an tsaurara biza, har masu otal sun fara duban fasfo da kyau. Don haka kullum bayan azahar sai in hau benen Tianxiu in zauna a ofishin wakilin da ke tura mini kaya, ko Allah zai sa a dace.

Wakilin dattijo ne, mutumin Maraɗi, kowa Baba yake ce masa. Kafin ya zo Sin ya daɗe a Beljiyam yana tura motocin gwanjo zuwa Kwatano. Ba shi da yawan magana, shi ya sa ban san komai game da shi ba sai wannan. Wata rana na tarar da shi ya duƙufa a kan wani littafi mai kauri, tabarau a ƙarshen hanci. Na leƙa, na ga boko ne, amma ba Turanci ba.

"Baba, Faransanci ne?"

"A'a, ɗana. Holanci na. Harshen mutanen Holan da rabin Beljiyam."

Ni a lokacin abin da na sani game da Holan bai wuce atamfa da madarar gwangwani ba. Ya nuna mini wasu littattafan jere a kan kanta, kusa da samfurin famfo da kwan fitila. Ya ce akwai wata gasa da ake yi duk shekara a can. Alƙalai sukan tara ƙagaggun labaran da aka buga da harshen, su yi ta tacewa har su rage 'yan kaɗan, sannan a taru a faɗi gwani. Waɗannan su ne 'yan kaɗan ɗin na bana. Wani Bature abokin cinikinsa, mai zuwa baje kolin Pazhou, shi ke kawo masa su a cikin jaka.

"To kai mene ne naka a ciki, Baba?"

Ya cire tabarau ya ce yana da ɗiya a can. Uwarta Baturiya ce, sun rabu tun yarinyar tana firamare, kuma Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Idan ya kira ta sai su tambayi lafiya, su tambayi karatu, daga nan sai shiru, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Wata shekara ta ce masa tana karanta ɗaya daga littattafan gasar. Ya je ya saya, ya yi ta fama da ƙamus, domin Holancinsa na bakin tasha ne. Da ya gama ya kira ta ya ce littafin bai yi masa ba. Ta ce bai gane ba ne. Suka yi ta musu har katin waya ya ƙare. "Ban taɓa jin daɗin musu irin na rannan ba," in ji shi. Tun daga nan duk shekara kowa yake zaɓen gwaninsa.

Ashe akwai mai sauraronmu. Wata Hajiya ce 'yar Kano, mai sarin takalma da jakunkunan mata, ita ma nata kayan sun maƙale. Mace ce mai baki, wadda 'yan kasuwar Canaan ke ganinta su fara dariya tun kafin ta taya. Ta gyara mayafi ta ce, "Alhaji, tunda zaman jiran ne, ba mu labarin mana. Mu ma mu ji abin da Turawa ke ba wa kyauta."

Haka muka fara. Sakatariyar ofishin, wata Basiniya, da ta gan mu sai ta kaɗa kai ta ce "meyo", wato babu wuri har yanzu, ta zuba mana shayinsu marar sukari. Baba kuma ya ɗauko littafi ya fara juya mana shi da Hausar Maraɗi, wani wuri ya yi tsalle, wani wuri ya tsaya ya bayyana mana yadda sanyi yake ko yadda suke binne mamaci.

Na farko labarin wani tsoho ne mai gyaran agogo wanda idonsa ke mutuwa. Baba ya yi ta bayani, muna jiran wani abu ya faru. Hajiya ta gaji.

"Alhaji, tsakani da Allah, daga taga zuwa kujera, daga kujera zuwa taga? Ba ya da 'yan'uwa? Ba ya da maƙwabci? Wannan ai ba labari ba ne, jinya ce."

Ni ma na goya mata baya, muka jefar da mai agogo. Na biyu da na uku suka wuce da gardama da dariya. Ni na kama wani na wasu 'yan'uwa biyu da suka ɓata a kan gonar furanni, domin na ga irinsa a danginmu.

Sai muka zo kan labarin yarinyar da aka haifa a cikin jirgin ruwa na dakon kaya, irin masu bin koguna. Da ta isa shiga makaranta iyayenta suka ajiye ta a gidan kwana na 'ya'yan masu jirgi, suka ci gaba da safara. Idan ta ji jirginsu zai wuce garin, sai ta gudu kan gada ta tsaya. Uwar tana ƙasa cikin jirgin tana shanya, ta ɗaga mata hannu, jirgin ya shige ƙarƙashin gadar ya fita ta ɗaya gefen, ba zai iya tsayawa ba saboda kaya na jira.

Hajiya ta riƙe kofin shayi har ya huce. Da muka fito zuwa lifta ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Autata ta daina zuwa waya idan na kira. Ƙanwata da ke riƙon ta ta ce wai in na dawo ma gaisa." Na ce Allah ya shirya mana su. Ta ce amin.

Washegari ta shigo ta ce ita ta gama alƙalanci, mai jirgi ce ta ci. Baba ya ce shi ma nan zuciyarsa take, ɗiyarsa kuma ta zaɓi wani daban. Na ga an fi ni yawa, na bar 'yan gonar furanni na bi su.

Ranar da sakamako ya fito, mun tarar da Baba yana murmushi shi kaɗai. Ɗiyar ta kira shi da safe.

"Mun faɗi duka," ya ce. "Mai agogo ya ci."

Hajiya ta tafa hannu. "Wannan tsohon? Lallai alƙalan nan an yi musu wani abu!"

Baba ya yi dariya har da hawaye. Amma bayan kwanaki ya ce mana ya sake karanta littafin a hankali, ya ga laifin nasa ne. "Daɗin wannan ba cikin abin da ya faru yake ba, cikin yadda aka faɗa yake. Ni kau na zubar da romon, na kawo muku ƙashi." Ya karanta mana wani wuri da Holancin kansa don mu ji sautinsa. Ba mu gane ko kalma ba, amma muryarsa ta sauya, ta yi ƙasa, kamar mai lallashin yaro. Hajiya ta ce duk da haka ita tana nan kan mai jirgi.

Abin ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Mutanen nan, in ji Baba, ba su kai masu jin Hausa yawa ba, amma duk shekara sai sun zauna sun auna abin da marubutansu suka rubuta, har uba da 'ya su sami abin musu. Na tuna littattafan Hausa da matata ke tarawa a ƙarƙashin gado, waɗanda nake yi mata tsiya a kansu alhali ban taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Kayanmu suka tashi daga baya, na Hajiya ya riga nawa. Ta koma Kano, kuma na ji ta ɗora ɗan yayarta a kan safarar, ita sai jefi-jefi take zuwa. Baba kuwa bizarsa ta ƙare ana dab da fara wasannin, aka ce sai ya koma gida ya sabunto. Ya bar ofishin a hannun wani abokin aikinsa, ya tattara littattafansa a kwali ya tafi. Bai dawo ba. Ciwon ƙafa ya kama shi, ya zauna a Maraɗi.

Bayan shekara biyu na yi takanas na je gaishe shi. Na same shi a ƙofar gida a kan kujera, ya rame amma da fara'arsa. Ya ce ɗiyar ta zo ta yi wata guda, shi ne karon farko da ta taka Nijar, zafi ya wahalar da ita, ta kuma koyi shan fura. Na ce masa na karanta wasu daga littattafan matata, wasu shirme, wasu kuwa sun hana ni fita kasuwa da wuri, kuma yanzu mukan yi gardama a kansu ni da ita. Ya tambaye ni wa ke cin gardamar. Na ce ita. Ya ce haka ya kamata, ta riga ni farawa. Aka kira la'asar, na kama hannunsa muka taka a hankali zuwa masallaci.