Mai Kabu-kabun Madécali Ya Tashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Souleymane Na-Allah a gidansa na Malanville, yana da shekara sittin da takwas. Talatin da ɗaya cikinsu ya yi su ne gaban allo, yana koyar da yaran lakwal, wato makarantar boko. Ni Husna Abdulgani, ungozoma a ƙaramin gidan likita na Madécali, na zauna ajinsa shekara biyu, kuma ko'ina na shiga da wannan nake taƙama.

Malam, kai ka san irin bakina. In aka aike ni sayen gishiri, sai na dawo da labarin kasuwa kaf, gishirin kuwa sai an tambaye shi. Ba ni kaɗai ba ce. Mu ɗiyan 'yan kasuwa, da na gari da waɗanda iyayenmu suka ƙetaro kogi, an raine mu a kan cewa shiga magana kai tsaye rashin tarbiyya ne. Sai an gaida gida, an gaida gajiya, an tambayi damina, sannan a lallaɓo ga abin da ya kawo mutum. Da wannan muka zo ajinka. Ka karanta mana labari mai layi ashirin, ka ce mu taƙaita, mu dawo maka da layi talatin.

Ba ka taɓa dukanmu a kan haka ba. Benci kake jawowa tsakiyar aji, ka ɗare shi, ka riƙe sandar nuni kamar kan babur.

"Ni mai kabu-kabu ne," za ka ce. "Madécali za ni, injin na cin mai. Wa ke da saƙo?"

Sai yaro ya fito ya ba ka labarin da aka karanta, da Hausa ko Dendi, daga baya ya rubuta shi da Faransanci. Abu uku kake jira: wane ne, me ya same shi, ina aka kwana. Da yaro ya kama kwana-kwana, sai ka fara jan benci zuwa ƙofa, ƙiii, ƙiii, aji ya ɓarke da dariya. Ni sau huɗu kana fita waje ka bar ni tsaye ina kwatanta launin rigar sarki. A na huɗun na yi kuka. Da aka tashi ka kira ni, ka ce gaisuwa ado ce, kada in yar da ita, amma wanda rumbunsa ke cin wuta ba a fara masa da ina kwana.

Na ɗauka darasin cin jarrabawa ne. Sai da na shekara tara ina aiki na san abin da ka ba ni.

Daminar 2019, wata Asabar da hantsi, aka kawo mini Nazifa, matar wani manomin shinkafa, tana naƙuda. Ta haihu lafiya, namiji, amma mabiyiya ta ƙi fita, jini ya ɓalle. Kwana biyu ba mu da wuta, wayata na gab da mutuwa. Na kira lokotoro, wato likita, a Malanville, babba ne, a shekaru ya haife ni, kuma wallahi bakina da kansa ya fara: ina kwana, ya aiki, ya iyali. Ban kai ga sunan matar ba layi ya yanke. Na tsaya da waya a hannu, ina kallon leɓunan Nazifa suna yin fari, sai na ji ƙarar bencinka a kunnena.

Na sake kira. Na ce: "Mace mai shekara ashirin da shida, ta haihu minti arba'in da suka wuce. Mabiyiya ta maƙale, jini bai tsaya ba. A turo mota da jini, mota ba ta wuce gulbi, za mu same ku can." Ina rufe baki wayar ta mutu. Muka ɗauko ta a amalanken shanu, muka tarar da mota na jiranmu. Lokotoro ya ce da an ƙara rabin awa, da sai dai gaisuwa. Ranar suna mijinta ya ce in zaɓa wa yaron suna. Yau Souleymane ƙarami yana da shekara biyar, bana ya shiga lakwal.

Kunya ta hana ni gaya maka, don kar ka ji na fara da gaisuwa. Sai watan jiya, da na ji jikinka ya matsa, na zo na same ka kan tabarma, matarka Hajiya Nafisat tana yi maka fifita. Na tattara labarin cikin jimla uku, yadda ka koya mana, na miƙa maka. Ka dube ni, ka yi murmushi.

"Husna, yau mai kabu-kabu ba ya sauri. Wannan ba ni shi duka."

Na ba ka shi duka, har da launin zanen Nazifa da gardamar shanu a laka. Ba ka katse ni ko sau ɗaya ba. Na yi baƙin cikin rashinka, Malam, amma na gode Allah da saƙon ya same ka kafin ka tashi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sauƙaƙa maka tambaya, ya sa Aljanna Firdausi ce masaukinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Nafisat, da ɗiyanka Sabiru da Habsatou, da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban wannan benci. Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.