Igiyar Baffa a Tashar Jirgi

Jiya a Dogarawa na ga wani yana tufka igiyar rama, sai Baffa, ƙanen mahaifina, ya faɗo mini a rai. Kukun wani Bature ne a Samaru, can ya tsinci Turancinsa. Yakan ce, "Turawa kalma biyu gare su, ɗaya ta jira, ɗaya ta sa rai. Jira aikin ƙafa ne, sa rai aikin zuciya."

Wata damina, tun kafin mulkin kai, matata na tahowa daga Gusau da tsohon ciki, aka ce ruwa ya tafi da gadar jirgi. Na yi ta zirga-zirga a tashar Sabon Gari, warin kwal ya cika mini hanci. Duk wanda na tambaya sai ya kaɗa kai. Ga shi a gonar gwaji inda nake aiki an ce in na sake fashi, in nemi wani aikin.

Baffa ya zo da damin rama, ya zauna, ya naɗe wando, ya fara murzawa a cinya.

Ya ce, "Koma bakin aikinka."

Na daka masa tsawa, Allah ya yafe mini. "Baffa, matata ce fa!"

"Na sani. Bar mini jiran, kai ka riƙe sa ran."

Kwana uku ya yi a wurin. Ran na huɗu ya shigo gida matata na bayansa, igiya nannaɗe a kafaɗa, fatar cinyarsa ta saluɓe.

Allah ya sauƙaƙa masa jiran kabari, ya ba shi abin da yake sa rai da shi.